Sayen Kayan Ɗura Harsashi na Hannu a Gwanjon Intanet: Ƙarfen da Arha, Tarkacensa da Tsada

A Amurka kwanson harsashi ba shara ba ne. Maharbin da ya gama gwajin bindiga yakan durƙusa ya tsince kwansunansa na tagulla ya tafi da su gida, domin kwanson ne yawanci ya fi komai tsada a jikin harsashi, kuma ana iya sake cika shi sau da dama. A matse shi ya koma girmansa na asali, a fitar da tsohuwar hular tartsatsin da ke gindinsa, wadda ake kira firaima, a sa sabuwa, a auna albarushi a zuba, a ɗora sabon kai. Aikin yana da kamfanoninsa tun da jimawa. Fred Huntington ya kafa RCBS a garin Oroville na jihar Kalifoniya a 1943, Richard Lee ya fito da ƙaramin kayan ɗurinsa a 1958, ga Lyman a Connecticut, Redding a jihar New York, Hornady a Nebraska, Dillon a Arizona. Injunan da suke ƙerawa sukan fi masu su tsawon rai. Dattijo ya rasu, magada su buɗe gareji su tarar da tebur cike da ƙarafan da ba su san sunansu ba, sai su zuba a gwanjo. Daga nan ne yawancin kayan da ke yawo a intanet suke fitowa.

Hukuncinmu a kan wannan kasuwa shi ne tana da riba, amma ba a inda sabon shiga yake hange ba. Babban ƙarfen da ke ɗaukar ido a hoto shi ne mafi aminci, da wuya a cuce ka a kansa. Kuɗin yana zurarewa ne ta ƙananan fil da sifirin da bututun da suka ɓace a aljihun teburin mamaci, da kuɗin dako, da la'adar mai gwanjo.

Maganar doka tukuna. Wannan bita ta mazauna Amurka ce. Dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗura harsashi don amfanin kansa ba lasisi, amma sana'ar sayarwa sai da lasisin masana'anta daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar makamai. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne dokar tana lissafa kwanso da firaima da kan harsashi da albarushi duk a matsayin harsashi, don haka wanda aka hana riƙe harsashi an hana shi riƙe waɗannan ma. Ɗalibi ko ma'aikaci mai bizar zaman wucin gadi yana cikin waɗanda aka hana, sai in yana da lasisin farauta ko wani togacin da doka ta ambata. Jihohi irin su Massachusetts suna da ƙarin sharuɗɗa. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta rufe ƙofar ƙera harsashi a gida, saboda haka batun saya a aika gida bai ma taso ba.

Kasuwanni uku, hali uku

eBay ce ta fi yawan kaya, kuma ita ta fi kare mai saye. Ta daina karɓar tallar bindiga tun 1999, kuma ba ta yarda a sayar da albarushi, firaima, kwanso ko kan harsashi ba, amma injin matsi da dayis (bututun ƙarfen da ke mayar da kwanso siffarsa) da sikeli duk suna nan birjik. In kaya ya zo ba kamar yadda aka siffanta shi ba, kana da kwana 30 daga ranar da ya iso ka kai ƙara a mayar maka da kuɗinka, ko da mai sayarwa ya rubuta cewa ba ya karɓar dawowa. Lokacin rufe gwanjo a can kafaffe ne, agogo na bugawa an gama, shi ya sa ƙwararru ba sa tayi sai saura daƙiƙa biyar ko goma. Aibinta shi ne kowa ya san farashi. Mai kaya ya duba abin da aka sayar jiya kafin ya saka nasa, sannan akwai masu sana'ar sayen inji ɗaya su wargaza shi su sayar ɓangare-ɓangare, abin da ya sa cikakken inji yake ƙara wuya.

GunBroker, wadda aka buɗe a 1999, kasuwar 'yan bindiga ce zalla, don haka mai sayarwa ya fi sanin abin da ke hannunsa kuma yakan amsa tambaya da ilimi. Tana da dokar minti 15: gwanjo ba ya rufewa sai an yi minti 15 cur ba wanda ya ƙara tayi. Dabarar daƙiƙar ƙarshe ba ta aiki a nan, kuma mutum biyu masu taurin kai suna iya jan ciniki har tsakar dare su kai tsohon inji sama da kuɗin sabo. Kariyar mai saye ba ta kai ta eBay ba. Masu sayarwa da yawa suna son takardar kuɗi ta gidan waya, wasu su ƙara kashi 3 cikin 100 in za a biya da kati. Takardar kuɗi in ta tafi ta tafi, don haka ba a aika ta ga wanda tarihin cinikinsa bai wuce yatsun hannu ba.

Ta uku ita ce gwanjon kayan gado da ƙananan dillalai ke sakawa a shafukan HiBid ko Proxibid. A nan ake tsintar dami a kala, kuma a nan ake kwana da takaici. Dillalin da jiya ya sayar da kujeru da tarakta bai san bambancin dayis da sukuru ba. Zai ɗauki hoto biyu a duhu, ya raba kayan inji guda zuwa kashi uku: gangar jiki a lamba 212, kawunan dayis a 230, bututun firaima cikin kwalin tarkace a 245. Wanda ya iya karanta hoto yana haɗa su a kan kuɗi kaɗan. Amma sharaɗinsu ɗaya ne, yadda ka gani haka ka saya, ba dawowa. Suna ɗora la'ada a kan tayinka, sau da yawa tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma da yawansu ba sa aika kaya. In wurin bai fi tafiyar awa biyu a mota ba kuma akwai ranar duba kaya da ido, wannan ita ce kasuwar da ta fi kowace. In sai an aiko, a yi lissafi sau biyu.

Injin matsi mai tasha ɗaya

Wannan inji, mai ɗaukar dayis ɗaya a lokaci guda, shi ne abin da ya fi cancanta a saya na hannu. Ba shi da komai sai gangar jiki, sandar turi da ke hawa da sauka, hannu, da mahaɗan da ke tsakaninsu. Na ƙarfen zubi mai siffar zobe rufaffe, irin su Rock Chucker na RCBS da ya fito a 1967, Big Boss na Redding, Classic Cast na Lee da Orange Crusher na Lyman, shekara arba'in ba ta yi musu komai in ba a bar su a danshi ba. Masu buɗaɗɗen gaba, waɗanda siffarsu ta yi kama da lauje, suna ɗan buɗewa in an matsa babban kwanson bindigar farauta, sun dai isa aikin ƙananan harsasai. Na alminiyom, kamar Challenger na Lee ko Partner na RCBS, sabonsu ma ba tsada, in ka haɗa kuɗin dako sai ka ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Waɗannan a saya sabo.

Abin da ake dubawa na farko shi ne wasan sandar turi. Duk firaimar da aka cire tana zubar da baƙar toka mai kaushi kamar yashi, ta gangara ta shiga tsakanin sandar da raminta. In mai inji ba ya gogewa, shekara da shekaru sai ta cinye ramin. Ka roƙi mai sayarwa ya yi ɗan bidiyo: ya ɗaga sandar har ƙarshe, ya kama kanta da yatsu ya girgiza gefe da gefe. Motsin da da kyar ake gani ba laifi. In tana kaɗawa har ana jin ƙas-ƙas, kan harsashi zai riƙa zama a karkace, kuma ba gyaran da zai yi arha. Tsatsar sama, mai launin ƙasa-ƙasa da ba ta ci ciki ba, mai da lallausar wayar goge ƙarfe suna ɗauke ta cikin minti goma, hasali ma alheri ce ga mai saye tunda tana korar 'yan tayi. Tsatsar da ta yi ramuka a jikin sandar ita ce abar gudu.

Na biyu tsaga. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma wuraren da yake tsagewa sanannu ne: kunnuwan da ake ɗaure shi da tebur, da inda hannu ke shiga, da ramukan fil na mahaɗai. Tsohon inji mai sabon fenti yana sheƙi abin tambaya ne, domin walda a kan ƙarfen zubi ba ta cika riƙewa ba, fenti kuma yana rufe ta. A nemi hoton ƙasan injin da na bayansa, ba gaba kaɗai ba.

Na uku, wanda ya fi kama mutane, shi ne ko injin yana karɓar kayan zamani. Tiredin dayis, wato zaren da ake murɗa shi da shi cikin inji, wanda kusan kowa ke bi yau shi ne inci 7/8 mai zare 14 a kowane inci. Rock Chucker yana da bushin a sama, wato zoben ƙarfe mai zare, wanda in an kwance shi rami ya koma inci 1¼ mai zare 12. A tabbata bushin ɗin yana nan, domin wasu suna cire shi su sa na Hornady mai saurin sauyi su manta ba su mayar ba. Tsofaffin injunan Lyman irin su Tru-Line Jr. da ɗan ƙaramin 310 suna da nasu siririn tiredi, dayis na yau ba ya shiga. Injunan Herter's, kamfanin Minnesota da ya daɗe da rufewa, masu nauyi ne kamar turmi kuma ana samun su da arha, sai dai mariƙin kwansonsu, wato ɗan ƙarfen da ke kama gindin kwanso a kan sandar turi, daban ne, sai an nemi mahaɗi na musamman. Wasu tsofaffin Pacific kuma, kamfanin da Hornady ya saya a 1971, mariƙin a jikin sandar turi yake, kowane girman harsashi da sandarsa. Masu tara kayan tarihi suna son irin waɗannan. Mai son ya yi aiki ya bar musu.

Akwai ƙananan abubuwa uku da kusan kullum ba sa zuwa tare da inji: kofin roba mai tare tsofaffin firaima, hannun dasa firaima da kofunansa biyu, babba da ƙarami, da ɗan sifirin ɗin da ke riƙe mariƙin kwanso a kan sanda. Kowanne kuɗinsa kaɗan ne, amma kowanne da kuɗin aikensa.

Injuna masu tashoshi da yawa

Nan ne lissafi yake rikicewa. Inji irin RL550 na Dillon yana da tasha huɗu, kowane jan hannu yana fitar da harsashi guda, kai kake juya farantin da ke riƙe kwansuna da yatsa. XL650 da magajinsa XL750 suna da tasha biyar kuma suna juya kansu. Dillon ya yi suna da garantin da ke bin inji ba mai shi ba, ko hannu na nawa ne, abin da ya karye suna sauyawa. Wannan ne ya sa na hannunsu ba ya faɗuwa a farashi, wani lokaci ratar da ke tsakaninsa da sabo ba ta kai kuɗin dako ba. Abu biyu ake mantawa. Garantin na abin da ya lalace ne, ba na abin da ya ɓace ba. Sannan bai shafi manyan injunan kasuwanci irin Super 1050 da kayan lantarki kamar injin zubo kwanso yadda ya shafi sauran ba, nasu na ɗan lokaci ne.

Don haka hoton RL550 ba kallonsa ake yi ba, ƙirga shi ake yi. Kan da ake ɗaura dayis da fil biyu masu riƙe shi. Mudun albarushi da sandunansa biyu, ƙarama da babba, da sandar da ke dawo da shi bayan kowane zubi. Kayan firaima saiti biyu, na babba da na ƙarami, kowanne da sandarsa da bututun ciki da bututun tsinta. Sai kayan kowane girman harsashi: faranti, maɓallai uku na tagulla, da mazurari. Yawancin masu sayarwa suna da saitin firaima ɗaya kawai, wanda ke jikin injin, ɗayan yana can cikin wani gwangwani da aka zubar. In ana tallar inji "da girman harsashi biyar", a nemi hoton faranti da mazurari da maɓallan kowanne a shimfiɗe, domin dayis biyar ba shi ne saiti biyar ba. A kuma lura da RL450, yayan 550, wanda kansa ba ya cirewa, a hoto mara kyau suna kama sosai. Square Deal B inji ne mai kyau, amma na harsashin ƙaramar bindiga ne kawai kuma dayis ɗinsa nasa ne shi kaɗai.

A ɓangaren Hornady, Lock-N-Load AP na farko-farko yana fitar da harsashi da wata 'yar waya, na baya kuma da tsarin da suka kira EZject, kuma tsohon faranti ba ya aiki a sabon tsari sai an yi masa gyara. Wanda ya sayi inji a wuri ɗaya da faranti a wani wuri yana iya tarar da ba su jitu ba.

Shawararmu ga wanda bai taɓa ɗura harsashi ba: kada injinsa na farko ya zama mai tashoshi da yawa na hannu. Ba zai san abin da ya ɓace ba, kuma in inji ya yi gardama ba zai gane ko laifinsa ne ko na injin ba.

Dayis da mariƙin kwanso

Dayis shi ne bututun ƙarfen da ke mayar da kwanso siffarsa, kuma duk darajarsa tana cikin cikinsa, wurin da hoto ba ya nunawa. Saitin doguwar bindiga yawanci guda biyu ne, na ƙaramar bindiga uku. Fil ɗin cire firaima da ya lanƙwashe ko zoben kulle da ya ɓace ba komai ba ne. Abin tambaya shi ne a haska tocila cikin dayis ɗin matsewa a ɗauki hoto. Ɗigon tagulla da ya manne a bango yana kankaruwa da maganin wanke bututun bindiga. Tsatsa a ciki kuwa ta gama da shi, duk kwanson da ya shiga zai fito da zane.

Na ƙananan bindigogi iri biyu ne. Tsoho na ƙarfe zalla sai an shafa wa kowane kwanso mai, a goge bayan an gama. Na zamani yana da zoben kabayid a baki, ba ya bukatar mai. Tsofaffin saiti na ƙarfe sun cika gwanjo kuma masu sayarwa ba sa faɗa, ko don ba su sani ba. In ba a rubuta a jikin dayis ko kwalin ba, a nemi hoton bakinsa, zoben yana bayyana da launinsa daban. Kabayid yana da tauri amma yana da gautsi, in dayis ya faɗi a siminti ko aka ɗaure shi ya daki mariƙi da ƙarfi, zoben yana tsagewa, alamarsa zane guda dogo a jikin kowane kwanso a wuri ɗaya.

Kada a yarda da rubutun kwali. Mutumin da ya yi shekara talatin yana aiki ya sha mayar da dayis cikin kwalin da ba nasa ba, abin da aka buga a jikin ƙarfen shi ne gaskiya. A can ne kuma za a ga ko mai matse kwanso duka ne ko mai matse wuya kawai, wanda ba ya wadatar da bindiga mai sarrafa kanta. Haɗari mafi ɓoyuwa shi ne dayis ɗin da wani ya goge gindinsa da dutse don ya ƙara matsewa. Irin wannan yana tura kafaɗar kwanso baya fiye da kima, kwanson ya riƙa miƙewa a kowane harbi har ya rabu biyu kusa da gindi. Gindin dayis mai sheƙin sabon guga ko zanen dutse, a wuce shi.

Lambar mariƙin kwanso kuma kowane kamfani da tasa. Mariƙin da ke ɗaukar kwanson harsashin .308 da .30-06 lamba 3 ne a RCBS, lamba 2 a Lee, lamba 1 a Hornady da Redding. Na .223 lamba 10 ne a RCBS, 4 a Lee, 16 a Hornady. Jakar mariƙai goma da ba a faɗi kamfaninsu ba caca ce. Ƙari a kan haka, mariƙan abin dasa firaima na hannu na Lee gajeru ne, ba sa hawa injin matsi.

Sikeli

Nan ne kaɗai arha take iya kai mutum asibiti. Ana auna albarushi da giren, giren 7,000 ne laba ɗaya, wato giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, kuma sikelin kirki yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Tsofaffin sikeli masu sanda irin 5-0-5 da 10-10 na RCBS, waɗanda kamfanin Ohaus ya ƙera, ana nemansu sosai kuma sun cancanci neman. Sandar tana zaune ne da wuƙaƙe biyu a kan 'yan duwatsu masu santsi. In bakin wuƙar ya dakushe ko ya yi tsatsa, ko dutsen ya tsage, sandar za ta riƙa maƙalewa: ka auna abu ɗaya sau uku ta ba ka amsa uku. Faranti da maratayinsa kuma an daidaita su da wannan sandar tun daga masana'anta, akwai 'yan ƙwayoyin ƙarfe cikin maratayin. Sikelin da ba faranti, ko mai farantin aro, ba zai zauna a sifili ba sai an sake daidaita shi. Duk wanda zai sayi sikeli na hannu ya sayi sabon saitin duwatsun gwaji tare da shi, ya gwada a ƙasa da tsakiya da sama kafin ƙwayar albarushi ta taɓa farantin.

Sikelin lantarki na hannu ba ma ba da shawararsa. Abin da ke jin nauyi a cikinsa yana lalacewa in an taɓa danna shi ko ya faɗi, ba a gani daga waje, kuma garantinsa ya daɗe da ƙarewa.

Mudun albarushi ya fi sauƙi. Uniflow na RCBS yana da ganga biyu, babba ta doguwar bindiga da ƙarama ta ƙananan awo, kuma galibi ɗaya ce ke zuwa, a tambayi wacce. Kwalbar roba da ta yi duhu ko ta yi kaushi alama ce an bar albarushi ya kwana a ciki wata da watanni, ana sauya ta. Gangar da ta yi tsatsa ko aka shafa mata mai ba ta zuba awo daidai. Injin datse tsawon kwanso kuma darajarsa tana ga 'yan sandunan jagora da mariƙansa, in babu su ka sayi rabin kaya. Injin girgiza mai wanke kwanso bai cancanci kuɗin dako ba, ga shi cike da ƙurar dalma daga tsofaffin firaima. In ya zo cikin tarin kaya, a zubar da garin da ke cikinsa a wanke kwanon a waje, da safar hannu.

A gwanjon gado za a ga gwangwanayen albarushi buɗaɗɗu, da firaima a kwalba, da akwatunan harsashin da mamaci ya ɗura da hannunsa. Ba a sayen ko ɗaya don amfani. Ba wanda ya san ko abin da ke cikin gwangwanin shi ne abin da aka rubuta a jiki, kuma albarushin ƙaramar bindiga a kwanson babba yana fasa bindiga. Albarushin da ya lalace yana warin tsami, yana fitar da jar ƙura, cikin gwangwanin ya yi tsatsa. Gidan waya na Amurka ma ba ya ɗaukar albarushi da firaima da harsashi sam, duk mai cewa zai jefa maka su cikin kwalin inji yana jawo muku laifi ku biyu. Tsofaffin littattafan awo da takardun da mamaci ya rubuta da hannu abin ajiya ne don tarihi. Awon da za a yi aiki da shi a ɗauko shi daga sabon bugu ko shafin kamfanin albarushin, domin hanyar gwada matsin wuta ta sauya, wasu albarusan ma sun sauya masana'anta.

Lissafi da tayi

Rock Chucker yana kusan laba 20, wajen kilo 9. Kwalin gidan waya mai farashi ɗaya yana ɗaukar har laba 70, shi ya sa masu sayarwa ke son sa, amma sai an kwance hannun injin kafin ya shiga. Injin da aka jefa a kwali da jarida biyu yana huda kwalin a hanya, ya iso da karyayyen kunne ko ya iso ba ƙananan kayansa. Ka rubuta wa mai sayarwa tun kafin ka biya: a cire hannu, a naɗe gangar jiki, a zuba ƙananan kaya a jaka a manne ta da jikin injin, a cike kwalin har ba abin da ke motsi. Sikeli kuma a sauke sandarsa daga kan duwatsun a naɗe ta daban, in ba haka ba girgizar mota za ta cinye wuƙaƙen.

A ce ka ci inji a gwanjon gado a kan dala 110. La'ada kashi 18 ta kai shi kusan 130. Harajin jiha, a ce kashi 7, ya ƙara 9. Mai ɗaure kaya da aikawa ya karɓi 40. Kofin firaima da hannun dasawa da aikensu, 25. Ka tashi a sama da dala 200 a kan abin da ka ɗauka na 110 ne. Don haka lissafin daga sama ake fara shi: duba kuɗin sabo a shago a yau, har da rangwamen da kamfanoni kan yi lokaci-lokaci, ka yanke abin da na hannu ya cancanta, a ganinmu kada ya wuce kashi biyu cikin uku in ba Dillon ba ne, sannan ka cire dako da haraji da la'ada da kayan da suka ɓace. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Ka saka shi sau ɗaya, da 'yan canji a kai, kamar 87.60 maimakon 85, tunda yawancin mutane a lamba mai zagaye suke tsayawa. Farashin da za ka gwada da shi shi ne na kayan da aka riga aka sayar, eBay tana da wurin tace su, ba abin da masu kaya ke nema ba.

Lokaci ma yana da tasiri. A 2013, da kuma 2020 zuwa 2021, lokacin da harsashi da firaima suka yi ƙaranci a Amurka, tsofaffin injuna sun riƙa tashi sama da kuɗin sababbi don shaguna sun ƙare. Bayan kowace irin wannan guguwa, waɗanda suka saya cikin firgici sukan fito da kayan da ko sau ɗaya ba a ɗaura su a tebur ba.

Alamun macuci ba sa sauyawa: sabon asusu, hoton da aka kwafo daga shafin kamfani, inji mai tsada a rabin kuɗi, da roƙon a koma gefe a biya ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko katin kyauta ko kuɗin kirifto. Ka ce ya ɗauki hoton injin da takarda mai sunan asusunsa da kwanan watan ranar. Mai kaya na gaske minti biyar ya ishe shi.

In kwali ya iso, a ɗauki hotonsa kafin a buɗe, musamman in ya huje. A ƙirga kaya a gaban hoton talla. A wanke sandar turi da kananzir ko makamancinsa, a shafa mai kaɗan, a sa giris a fil na mahaɗai, a ɗaure injin da noti a tebur mai kauri ba da maƙali ba, domin tsagar da fenti ya rufe sai an matsa take buɗe baki. A wanke cikin dayis, a matse kwanso biyar ko shida marasa komai a ciki, a duba jikinsu a haske ko akwai zane, a jefa kowanne cikin ma'aunin kwanso na wannan girman a ga ko gindinsa ya zauna tsakanin matakai biyun da ke bakin ma'aunin. Duk wannan a yi shi a makon farko, tun kwana 30 na eBay ba su fara ƙurewa ba.